Wuyan Gidan Abdul'ati

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Bab Sha'ariyya ya san Shahata Abdul'ati, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ke ɓullowa da sassafe daga lungun gidan gurasar Mu'allim Ashur a kan wani baƙin keke, hannu ɗaya riƙe da kan keken, ɗaya a sama yana dafe da kafas, doguwar tiren sandunan dabino da ake jera gurasa a kai. Yawancin masu kai gurasa kafas hawa ɗaya suke ɗauka, gwanayen cikinsu biyu. Shahata kuwa ranar Juma'a uku yake ɗorawa. Haka zai ratsa tsakanin motocin haya da amalanken jakai yana fito da baki, tururi na tashi a bisa kansa, har ya kai wa masu sayar da wake da masu kanti, gurasa ko ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba.

Yanzu shekarunsa sun doshi sittin. Yana wuni a shagon shayin da ke kallon lungun, wuyansa cikin wani farin abin tallafi da aka ba shi a asibiti, wanda gumi ya riga ya rine. Kofin shayi da hannu biyu yake ɗaga shi. Idan aka yi masa magana ta gefe, gaba ɗayansa yake juyowa, har da kujerar.

Sana'ar ta gado ce. Kakansa da ƙafa ya yi ta, ubansa Abdul'ati shi ya fara hawa keke da ita. A unguwar, in ana son yaba ƙarfin igiya ko ƙusa, da wuyan gidan Abdul'ati ake kwatantawa, kuma 'yan gidan sun fi kowa yarda da haka. A ganinsu wuya kamar tafin ƙafa yake, yawan aiki ke ƙara masa kauri. In ya yi ciwo, alamar an yi masa hutu ce, sai a ƙara masa kaya.

Abdul'ati ya rasu hannuwansa a sanƙare. A shekarunsa na ƙarshe matarsa ke ba shi abinci a baki, in zai yi tafiya kuma yana jan ƙafa kamar mai ratsa ruwa. An ce kakan ma haka ya ƙare. Babu wanda ya taɓa haɗa wannan da wuya, domin kowa ya san dalili: iska ce. Mutum ya fito daga bakin tanda sharkaf da gumi, sanyin safiya ya buge shi, yau da gobe, ai dole jijiyoyi su daskare. Shi ya sa Shahata bai taɓa fita ba sai da ƙyallen ulu naɗe a wuyansa, ko da tsakiyar bazara ce. Ya ɗauka da haka ya tsere wa abin da ya kama ubansa.

'Ya'ya biyu Allah ya ba shi da matarsa Itidal: namiji, Fikri, sai ƙanwarsa Hala. Fikri ya gama makarantar koyon sana'a ya yi ta yawo da takarda, ba a dace ba. Ran nan uban ya ce masa ya sa takalmi ya biyo shi.

A wannan aiki ba a ɗaukar mutum don ya iya keke. Gurasar mutane ce a kansa, cinikin mutane ne a aljihunsa, don haka sai wani sananne ya kawo shi ya tsaya masa. Ba a rubuta komai. Mai tsayawar zai dafa kafaɗar wanda ya kawo a gaban ma'aikata, ya ce ya tsaya masa, shi ke nan. Shi kaɗai ne kuma ke da ikon janye hannunsa. In ya janye ba a tambayarsa dalili, saboda dalilin ɗaya ne tal kowa ya sani: an kama wanda aka tsaya wa da hannu a inda bai kamata ba.

Mu'allim Ashur ya dubi Fikri sama da ƙasa, ya ce wa Shahata, "Abu Fikri, wannan naka ne kuwa? Wuya kamar na zakaran da bai sha ruwa ba."

"Ba shi lokaci, Mu'allim. Ni ma haka aka kawo ni."

"Kai ai da aka kawo ka sai da muka ƙara tsawon ƙofa."

Aka yi dariya, Shahata ya dafa kafaɗar ɗansa ya faɗi abin da ake faɗa. Kafin a je ko'ina Fikri ya kama aikin kamar da shi aka haife shi. Har aka fara cewa ya fi uban iya kwana a lungu, uban kuwa yana jin daɗin a faɗa. Fikri ya yi aure, ya tare a ɗakin da ke saman na iyayensa, aka haifa masa 'ya mace.

Ciwon Shahata daga yatsu biyu na hannun hagu ya fara, hannun da ke dafe kafas. Sai su yi dum, kamar an kwanta a kansu. Ya ƙara kaurin ƙyallen wuya. Daga nan maɓallin riga ya fara gagararsa, Itidal ta koma saka masa kowace safiya. Ya je wurin wanzami aka yi masa ƙaho a kafaɗa, wanzamin ya kama kansa ya murɗa har wuyan ya yi ƙara, ya ce iskar ta fita. Ba ta fita ba.

Abokinsa Girgis ne kaɗai ya ga yadda yake riƙe kofi. Girgis Kirista ne, gajere, mai tumbi, ya girmi Shahata, ya kuma riga shi fara ɗaukar gurasa. Taba ba ta barin bakinsa, kuma bai taɓa naɗa ƙyalle ba ko da ana zuba sanyi.

"Tsufa ne, Abu Fikri," in ji shi. "Ka karɓe shi hannu biyu, tunda dama da hannu biyu kake karɓar shayi."

"Tsufa? Kai da aka haifa kafin a kawo wa unguwar nan lantarki, me ya hana shi kama ka?"

"Ni ba ni da wuyan da zai kama. Kaina a kan kafaɗa aka dasa shi."

Wata safiya cikin hunturu, daidai gaban mai wake, wata mota ta danna wa Shahata oda ta baya. Ya ɗan sunkuyar da kai, abin da ya saba yi ba adadi. Sai wani abu kamar lantarki ya tsarga masa daga wuya har yatsun ƙafa, ƙafafun suka ƙi taka keken. Kafas ya tafi gefe guda, shi ya tafi ɗaya gefen. Mutane suka taru suna tsince gurasar daga titi, kowa ya ɗauka sai ya sumbace ta ya taɓa goshi da ita kafin ya mayar. Babu wanda ya yi dariya. Ya ce daga baya wannan ya fi faɗuwar yi masa ciwo.

Asibitin koyarwa aka kai shi, aka sa shi a na'urar ɗaukar hoto. Likitar da ta gan shi sunanta Nirmin, ba za ta girmi Fikri da yawa ba. Ta juyo masa da hoton ta nuna da biro, tana kiransa Ammu, wato baffa.

"Ammu Shahata, tsakanin kowane ƙashin wuya da na kusa da shi akwai ɗan guringuntsi mai laushi, kamar gammon da kuke sawa a ka. Naka sun bushe sun tsage a wurare uku, sun turo baya suna danne laka. Saƙon da kai ke aika wa hannu da ƙafa ta nan yake bi."

"Iska ce, Likita. Babanmu ma ita ta kama shi."

Ta ajiye biron. "Babanka ma?"

Ya ba ta labarin uban, da abin da ya ji game da kakan. Ta yi ta tambaya: ta wane hannu ya fara, ko yana iya riƙe cokali, yadda tafiyarsa ta koma. Bayan ya gama ta ce masa ba iska ba ce, kuma ƙyallen bai taɓa tsare shi daga komai ba. Ta ce ita da wasu abokan aikinta suna bincike a kan masu irin ciwonsa, suna son sanin abin da ya sa mutum biyu za su yi aiki ɗaya, wuyan ɗaya ya lalace, na ɗayan ya tsira.

"Abin da ke cikin gammon nan a rufe yake, jini ba ya shiga wurin," in ji ta. "Garkuwar jiki, wadda ke yaƙar cuta, ba ta san shi ba. Ranar da ya tsage ya fito, sai ta ɗauka baƙo ne ya shigo, ta far masa. Kumburin da ke biyo baya shi ke ƙara cin wurin. Wasu mutanen faɗan yana lafawa a jikinsu. Wasu ba ya lafawa, kuma muna zargin wannan halin gadonsa ake yi, kamar tsawo ko sanƙo. Alamarsa muke nema a jini."

"Wato jikina ne ke cin kansa."

"Kaya ne ya tsaga, jiki ya ƙarasa. Wanne ya fi laifi, ba mu gama sani ba."

Ta nemi izinin ɗibar jininsa, ta kuma tambaya ko yana da abokin aiki da ya daɗe yana ɗauka bai taɓa kuka da wuya ba. Haka aka yi Girgis ya zo asibiti cikin rigarsa ta zuwa coci. An ɗebi jininsa yana kallon rufi yana kiran sunan uwarsa. Da aka ɗauki hoton wuyansa ya fito yana taku ɗai-ɗai.

"Ta ce wuyana na saurayi ne, Abu Fikri. Aure zan ƙara."

"Sai ka fara musulunta."

"Na fasa. Matata Ummu Mina za ta raba ni da wuyan gaba ɗaya."

Shahata ya yi dariya, amma a motar komawa gida hannuwansa ya yi ta kallo.

Da ya koma ganin likita ta gaya masa abin da aka samu. A jininsa akwai wasu alamomi da aka fi gani a masu irin ciwonsa, a na Girgis babu. Ta maimaita masa cewa alama ce kawai, ba hukunci ba. Akwai masu ita da ke tsufa lafiya, akwai marasa ita da ke kamuwa. Shi kuwa tun da ta fara magana tambaya ɗaya ce a bakinsa.

"Ina da ɗa, Likita. Aikina yake yi."

"Ko na ɗebi jininsa, ba zan iya ce maka zai kamu ko ba zai kamu ba. Iliminmu bai kai nan ba."

"In ƙaninki ne fa?"

Ta dube shi. "In ƙanina ne, zan so ya sauke kayan nan daga kansa."

Da rana, ana cin abinci, ya faɗa wa Fikri. Fikri ya saurara yana gutsurar gurasa yana dangwalar wake.

"Baba, ta ce zan kamu?"

"Ta ce ba ta sani ba."

"To ni ma ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Mun zama uku."

"Ba wasa nake yi ba, Fikri. Mijin gwaggonka yana neman wanda zai ja masa babur mai ƙafa uku."

"In bar aikin da na fi kowa iyawa, in koma yaron mijin Gwaggo, yana zagina gaban fasinja?" Ya ture kwanon. "Kai ka ɗora min shi, Baba. Kai ka ce wuyanmu ba irin na mutane ba ne. Tun ina rarrafe nake jin haka a gidan nan. Yanzu don wata ta nuna maka hoto sai in sauke?"

Bayan ya haura sama, Itidal ta rufe ƙofa ta dawo ta zauna kusa da mijinta. An riga an sa wa Hala rana, zinaren da dangin ango suka kawo yana cikin akwati.

"Abu Fikri, maganar jinin nan ta tsaya a ɗakin nan. Ka san uwar angon. In ta ji an ce cutar gado ce a gidanmu, kafin la'asar za ta aiko a karɓi zinarensu. Sannan wa zai sake ƙwanƙwasa mana ƙofa?"

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya yi mata alkawari.

Sai ya gwada ta wata hanyar. Ya sami Mu'allim Ashur shi kaɗai, ya roƙe shi ya mayar da Fikri bakin tanda, ko wurin murza ƙullu.

"In ɗauki gwanin masu kekena in ajiye shi yana murza ƙullu? Shi ya ce yana so?"

"A'a."

"To ba ni dalili."

Shahata ya tsaya yana kallon buhunan fulawa. Dalilin yana bakinsa, amma ya riga ya yi alkawari. Ya yi sallama ya fita.

Ranar wata Juma'a yana zaune a shagon shayi sai ga Fikri ya fito daga lungu da hawa uku. Masu zama suka yi ta yaba masa, wani ya dafa Shahata ya ce ɗan ya gaji uban. Da Fikri ya dawo ɗaukar kaya na biyu, ya tsaya a bakin lungu, ya kama haɓarsa ya murɗa wuya dama da hagu har sai da aka ji ƙarar daga shagon, ya yi dariya, ya sake ɗauka ya tafi. Shahata ya ajiye kofinsa. Ya tsallaka titi yana jan ƙafa, ya shiga gidan gurasar, ya tsaya a inda ya taɓa tsayawa da hannunsa a kafaɗar ɗansa.

"Mu'allim, na janye hannuna daga Fikri."

Mai zuba gurasa a tanda ya tsaya da doguwar sandarsa a hannu. Masu ƙullu suka ɗago.

"Abu Fikri," in ji Mu'allim Ashur a hankali, "ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani."

Ya sani ɗin. Ya auna abin a ransa, ya ga ɓacin suna na ɗan lokaci ya fi mutuwar hannu sauƙi. Ya ɗauka Fikri zai yi fushi, ya zauna a gida ya huce, yunwa ta kora shi wurin mijin gwaggonsa, bayan bikin Hala kuma a fito a wanke shi. A nan lissafinsa ya tsaya.

Fikri ya dawo ya tarar an jingine kafas ɗinsa a bango, babu mai haɗa ido da shi. Kafin magariba labarin ya gama unguwa. Babu gidan gurasar da zai ɗauki wanda ubansa na cikinsa ya janye wa hannu. Masu kantin da suka shekara suna miƙa masa ciniki ba tare da dubawa ba suka fara tuno ranakun da lissafi bai cika musu ba. Matarsa ta je sayen kayan miya, mai tumatir ta janye jakarta kusa da ƙafarta.

Fikri bai yi ihu ba da ya shigo ɗakin uban. A tsaye ya yi maganar.

"Me na ɗauka, Baba? Faɗa min abin da na sata, in san abin da zan gaya wa 'yata in ta girma."

"Ba ka ɗauki komai ba."

"To fito titi ka faɗa."

Shahata ya juyo da jikinsa ya dubi Itidal. Ta sunkuyar da kai. Fikri ya dube su su biyun, ya gyaɗa kai, ya fita.

Bai je wurin mijin gwaggo ba. Ya kwashe matarsa da 'yarsa ya tsallaka kogi zuwa Imbaba, kusa da dangin matar. Ba a daɗe ba labari ya zo cewa ya sami wani gidan gurasa a can da ba a tambayar wa ya tsaya wa mutum, saboda ba kowa ke jure aikinsu ba. Gidajen da suke kai wa suna da nisa, hanyar duk ramuka ce, kuma mai gidan ba ya yarda da hawa ɗaya.

An yi wa Shahata aiki a wuya cikin wannan tsakanin. Likita Nirmin ta gaya masa tun kafin a shiga da shi cewa aikin zai hana abin ci gaba ne, ba lalle ya dawo da abin da ya tafi ba, kuma haka aka yi. Itidal ta ce Fikri ya zo ya tsaya a barandar asibiti har aka fito da shi, ya tafi kafin ya farfaɗo. Ranar bikin Hala ma ya zo, ya yi duk abin da wa ke yi wa ƙanwarsa, ya ɗauki kujeru, ya tari baƙi. Da ya zo gaban uban ya sunkuya ya sumbaci hannunsa kamar yadda aka saba, ya wuce. Shahata ya ce bai ji sumbar ba, hannun ba ya ji.

Da amarya ta tare, ya koma gidan gurasar ya tara ma'aikata, ya faɗi komai: hoton, jinin, ubansa, kakansa, da abin da ya sa ya yi shiru. Itidal ba ta so ba, amma ba ta hana shi ba.

Mu'allim Ashur ya daɗe yana shafa gemu. "Allah ya yafe maka, Abu Fikri. Da ka raɗa min a kunne, da ni da kai ne kawai. Ka aika masa, kafas ɗinsa yana nan inda ya bar shi. Gobe ma ya zo ya ɗauka."

"Ba wannan na zo nema ba, Mu'allim."

"To me ka zo nema?"

Shahata ya fita ya tsallaka titi. A shagon shayi Girgis ya kunna taba ya ce, "Tashi ka je ka same shi. Kai ne babba, amma kai ne mai laifi. Ko in raka ka?"

"A'a. Ni kaɗai na yi, ni kaɗai zan je."

Ya shiga ƙaramar motar haya da safe. Duk ramin da ta faɗa sai ya ji shi har cikin haƙoransa. A Imbaba ya yi tambaya har ya sami gidan gurasar, aka kwatanta masa hanyar da Fikri ke bi, ya je ya tsaya a wata kwana, gindin wani dogon bene. Hantsi ya yi, titin ba kowa sai wata tsohuwa da ke tsince shinkafa a bakin ƙofarta.

Tun daga nesa ya gane shi, daga yadda yake kauce wa rami ba tare da kafas ya motsa ba. Hawa biyu ne a kansa, an cika su har baki. Fikri ya rage gudu, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Baba. Wa ya kawo ka?"

"Ƙafata."

"Mama lafiya?"

"Lafiya lau. Fikri, na faɗa musu. A gaban kowa na faɗa."

"Na ji. Ammu Girgis ya bugo min."

"To?"

"To me, Baba? Waɗanda suka ji ta farko sun fi waɗanda suka ji ta biyu yawa."

Ba da faɗa ya faɗe ta ba. Idonsa na kan hanya, kansa a miƙe, saboda kayan.

"Sauke mu yi magana."

"Hawa biyu ne. Sai an kama min."

Shahata ya matso ya ɗaga hannuwansa. Sun kai bakin kafas ɗin, yatsun suka taɓa sandunan, suka ƙi rufewa. Ya sake gwadawa. Gurasar sama ta ɗan zame.

"Bari, Baba. Bari kawai, za ka zubar min." Muryarsa ta yi laushi. "Faɗi, ina jin ka."

Maganganu da yawa ya taho da su, tun daga gida yake jera su a ransa. Ya tambayi jikarsa, Fikri ya ce ta fara magana, kowa Baba take ce masa har mai gyaran famfo. Ya tambayi matar, aka ce tana lafiya. Yana magana yana kallon wuyan ɗansa. Gumi na gangarowa daga ƙarƙashin gammo, jijiyar gefe ta miƙe kamar igiyar da aka ja. Ya fi kowa sanin cewa kayan nan a tsaye sun fi nauyi, kuma shi ne ya tsayar da shi.

"Yatsunka fa?"

Fikri ya ɗan gyara riƙon da ya yi wa kafas.

"Gurasa na hucewa, Baba."

"Likitar ta ce ka zo ta duba ka. Hoto kawai."

"In na sami rana."

Sauran maganganun suna nan a bakinsa. Ya haɗiye su.

"Je ka."

"Ka matsa daga kan hanya. Motocin nan ba su san ka ba." Ya tura keken da ƙafa, ya hau, ya miƙe.

Shahata ya tsaya a wurin har keken ya ɓace masa. Tsohuwar mai shinkafa ta lura, ta jawo masa wata kujerar roba, ta ce ya zauna kada ya faɗi. Ya zauna.

"Hajji, ka san mai gurasar nan ne?"

"Ɗana ne."

"Allah ya bar maka shi," in ji ta, ta koma kan shinkafarta. "Duk unguwar nan babu mai ɗaukar abin da yake ɗauka."

Shahata ya ce amin.